Gyaran rigar mata ga mai shafaffen ƙirji, da neman tufafin da ba su karkata ga na maza ko na mata ba

"Assalamu alaikum Hajiya. Ni mazauniyar Jidda ce, shekaruna 36, ina aiki a wani kantin magani. Shekara biyu da suka wuce aka yi mini tiyata saboda sankarar mama, aka cire duka biyun, kuma alhamdu lillahi na samu sauƙi. Ban yarda an yi mini dashe ba, maman roba da aka ba ni kuwa na ajiye shi saboda zafi da gumi. Yanzu duk rigar da na saya sai ta yi jaka a ƙirji, wuyanta kuma ya buɗe idan na sunkuya. Na gwada shat ɗin ƙanena, ƙirjin ya zauna daidai, amma kafaɗar ta zubo, ƙasan kuma ya matse ni. Shin rigunan da nake da su za su gyaru? Kuma a ina zan samu tufafi masu sauƙi, waɗanda ba su cika ado irin na mata ba, ba kuma na maza ne sak ba?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa abin da ya same ki ya zama kaffara. Idan na fahimce ki, abu biyu kike nema: yadda za a rage wa rigunan da kika riga kika saya gurbin da aka bari domin mama, da kuma irin tufafin da tun asali ba a yi musu wannan gurbin ba, waɗanda za ki saka ki fita aiki hankalinki kwance. Na koyi ɗinki a hannun gwaggona a Makka, wajen Shari'a Mansur, kuma fiye da shekara ashirin ke nan ina kan keke, yanzu a mashgal, wato shagon ɗinkin mata, a nan Jidda. Wannan matsala tana zuwa gabana sau da yawa, daga waɗanda aka yi wa tiyata irin taki, daga waɗanda haka Allah ya halicce su da ƙaramin ƙirji, da kuma waɗanda suka rame bayan yaye ko jinya. Zan gaya miki tun farko cewa wasu rigunan za su gyaru sarai, wasu kuwa asarar kuɗi ce a taɓa su, kuma a ganina rigar da aka yanka ba tare da tsammanin mama ba kullum ta fi wadda aka yi wa gyara kyau a jiki.

Abin da ya sa rigar take yin jaka

Yadi abu ne shimfiɗaɗɗe, jikin mace kuma yana da tudu da kwari. Domin yadi ya hau tudun ƙirji ba tare da ya ɗage ba, mai yanka yana ƙara wa gaban riga faɗi da tsawo fiye da na bayanta, sannan ya tattare rarar da ta taru a gefe ya ɗinke ta a ninki mai tsini. Wannan ninki shi telolinmu na Najeriya da Nijar suke kira dat, a mashgal ɗin nan kuma ake ce masa bansa. Tsininsa yana tsayawa kamar santimita 2 zuwa 3 kafin kan mama. Duk inda kika ga bansa, to a ƙarshenta akwai wata 'yar kwarya da aka ƙera da yadi, kuma idan babu abin da zai cika ta sai ta lotsa ta zama jakar da kike gani.

Yawancin zanen yankan rigunan mata an gina shi ne a kan cewa awon ƙirji a kan mama ya fi awon saman ƙirji, wato wanda ake ɗauka ta ƙarƙashin hammata, da kamar santimita 5, inci 2 ke nan. Kamfanoni sun bambanta, wasu ma sun fi haka barin gurbi, musamman a manyan lambobi. Ke yanzu bambancin awon nan biyu ya koma sifiri ko kusa da haka, saboda haka kowace riga tana ɗauke da rarar faɗi a gaba, da rarar tsawo wadda take sa gabanta ya zubo ƙasa fiye da baya. Buɗewar wuya da ta hammata duk daga nan suke: yadin da ya kamata mama ya ja gaba ya miƙar da shi ya rasa inda zai je, sai ya saki a wuraren da babu ɗinkin da zai riƙe shi.

Kuskuren da kusan kowa take yi shi ne ta sayi ƙaramar lamba. Bari in ba ki misali da lambobin Turai da ake rubutawa a rigunan kantunan nan, inda 36 take nufin ƙirji mai kamar santimita 84, 38 take nufin 88, 40 kuma 92. A ce saman ƙirjinki 83 ne. Idan kika bi wannan awo kika ɗauki 36, ƙirjin zai ɗan rage jaka, amma kafaɗa da damtse da baya za su ɗaure ki, domin ƙashin jikinki na mai 38 ne, tiyata ba ta taɓa shi ba. Ki ƙara 5 a kan awon saman ƙirjinki, lambar da ta fito ita ce ta kafaɗarki. A kafaɗa riga take rataye, kuma gyaran kafaɗa shi ne mafi tsada da wahala a duk gyare-gyare, don haka ki riƙa sayen riga saboda kafaɗa da ƙugu, ki bar wa tela ƙirji.

Wadda take gyaruwa da wadda ba ta gyaruwa

Ki fito da rigunanki ki juya cikinsu waje, ki duba yadda aka yi wa kowace gurbi. Mafi sauƙi ita ce wadda bansarta a tsaye take, daga ƙasan ƙirji zuwa ƙugu, gaba da baya. Wannan farke ta kawai ake yi a goge wurin, rigar ta sauka a miƙe. Aikin da za ki iya yi da kanki ne a zama ɗaya, kuma shi kaɗai yakan sauya kamannin riga daga mai bin jiki zuwa mai saukowa sambal, wanda shi ne abin da kike so.

Ta biyu ita ce mai bansa daga ɗinkin gefe, ƙasa da hammata, wadda ita ce ta fi yawa a shat ɗin mata. Ana farke ɗinkin gefen tun daga hammata har ƙasa, a buɗe bansar, a goge ta da tururi. Da an yi haka gefen gaba zai fi gefen baya tsawo da gwargwadon abin da bansar ta ci, galibi santimita 3 zuwa 5. Sai a daidaita gaba da baya daga hammata, a bar rarar ta sauka ƙasa, a yanke ta, a sake kalmasa. Ba a yanke wannan rara daidai wa daida daga gefe zuwa tsakiya, domin rarar tsakiyar gaba ba ɗaya take da ta gefe ba. Dole mai rigar ta saka ta ta tsaya a miƙe a zana layin ƙasan da alli. Bayan tsawo sai faɗi: ana rage santimita 1.5 zuwa 2.5 daga gaba kaɗai a kowane gefe, a bar baya yadda yake, a bi da ragin a hankali har ya ɓace kafin a kai kwatangwalo. Telan da ya kama gaba da baya tare ya ɗinke, kamar yadda ake yi idan mutum ya rame, ya matse miki baya ne ya bar jakar tana nan. Kuma tun da an taɓa gefe a hammata, ramin hannu ya ragu, dole a farke ƙasan hannun a daidaita shi da sabon ramin. Idan rigar mara hannu ce aikin ya ragu da rabi.

Akwai tarko a nan wanda ni kaina na faɗa cikinsa. A masana'anta, domin mai keke ta san inda bansa za ta ƙare, sukan huda tulin yadi da wani siririn ƙarfe kamar santimita 1 kafin tsinin, ramin ya ɓuya a cikin ninki. Shekarun baya wata baiwar Allah ta kawo mini rigar siliki mai tsada, na farke bansar ban duba ba, sai ga 'yan ramuka biyu a tsakiyar ƙirji, ga sawun allura da ya ƙi ɓacewa. Na rufe su da aljihu biyu, ta karɓa da haƙuri, amma rigar ba ta koma abin da ta saya ba, kuma ban karɓi kuɗin aikin ba. Tun daga ranar ba na sa almakashi sai na ɗaga rigar a haske na duba tsinin bansar ta ciki. Ki yi haka ke ma tun a kanti. Ki duba kuma ko an yanke cikin bansar an bar 'yar gezar ɗinki kawai, domin wadda aka yanke ba ta buɗuwa har abada. Auduga da lilin, wanda ake kira kattan a nan, suna mantawa da sawun allura idan aka fesa musu ruwa mai ɗan khal, wato binega, aka goge. Siliki da satin da duk yadi mai sheƙi ba sa mantawa. Tsohuwar riga mai duhun launi da ta sha wanki ita ma takan nuna layi, saboda cikin ninkin bai koɗe tare da sauran jikin ba.

Ta uku ita ce mai yankan firinses, wato ɗinki mai lanƙwasa da yake tasowa daga kafaɗa ko daga ramin hannu ya bi ta kan mama ya sauka ƙasa. Mutane suna jin tsoronta, alhali ni na fi son ta zo mini, domin gurbin duka yana cikin ɗinki, babu sawun da zai fito fili. Ana saka rigar a juye, a kama rarar da fil a kan layin, a miƙar da lanƙwasar ƙyallen gefe, wanda shi ne yake ɗauke da tudun. Ƙyallen tsakiya zai ɗan fi na gefe tsawo bayan haka, sai a sauke bambancin zuwa ƙasa. Idan an bi layin da ɗinkin ado a sama, ko rigar tana da shafi, aikin ya ninka, kuma ya kamata ki tambayi kuɗin gyaran kafin a fara, domin wani lokaci yakan kusa kuɗin sabuwa.

Waɗanda nake mayar wa masu su ba tare da na taɓa ba su ne rigar da aka yanka ƙarƙashin mama aka yi mata kofi, da mai naɗe gaba ɗaya a kan ɗaya, da mai faɗin wuya ko zurfinsa, da siririn yadi mai talewa wanda yake manne wa jiki. Waɗannan mama ne ginshiƙinsu, idan aka cire gurbinsa babu rigar. Ki bayar da su sadaka ko ki ba 'yan'uwa. Mai tattara a ƙarƙashin kafaɗa kuwa ki bar ta yadda take, domin tattara ba ta nuna wuri ɗaya kamar bansa, saukowa take yi ko akwai tudu ko babu.

Shat ɗin maza

Abin da kika gani a shat ɗin ƙanenki daidai ne, kuma dalilinsa a yanka yake. Gabansa ba shi da bansa, walwalarsa tana baya, a ninkin da ke ƙarƙashin ƙyallen kafaɗa, shi ya sa ƙirjin ya zauna. Amma an yanka shi ne domin mai faɗin kafaɗa da dogon hannu da kaurin wuya, wanda ƙugunsa bai kai ƙirjinsa faɗi ba. Da awon wuya ake ba shi lamba, kuma mafi ƙanƙanta da ake samu a yawancin kantuna yana wajen inci 14 zuwa 14 da rabi, santimita 36 zuwa 37, alhali wuyan mata da yawa bai kai haka ba. Maɓallansa ma a hannun dama suke, ɓangaren hagu ya hau kan na dama, na mata kuwa akasin haka, kuma wannan ba ya sauyuwa da zarar an tsaga ramukan maɓalli.

Idan za ki saye shi, ki nemi wanda ɗinkin kafaɗarsa bai wuce ƙashin kafaɗarki da fiye da santimita 2 ba. Tsawon hannu yana gyaruwa, ana cire bakin hannun a rage a mayar, sai dai idan ragin ya yi yawa dole a ɗaga tsagar hannun ita ma. Matsewar ƙasa tana da magani uku, kuma na fi son na farko: a tsaga gefe biyu zuwa saman kwatangwalo a kalmashe, kamar yadda ake yi wa kaftani. Ana iya kuma gajarta rigar ta tsaya kafin ta kai wurin da yake matsewa, ko a sa ɗan ƙyalle mai kusurwa uku a gefe, daga abin da aka rage a hannu. Kwala ce ba ta da magani sosai. Ana iya matsar da maɓallin wuya santimita 1, fiye da haka gaban zai karkace. Abin da nake yi shi ne in cire ganyen kwalar in bar tsayayyen gindinta, ta koma irin wuyan tob, doguwar rigar mazan ƙasar nan, wanda ake kira sada, maimakon ƙallab mai ganye. Wannan ɗan aiki yana cire wa rigar kamannin ta ma'aikacin banki, kuma tsayayyen wuya ba ya buɗewa idan kin sunkuya a wurin aiki.

Ki leƙa ɓangaren samari ma, rigunan 'yan shekara 14 zuwa 16, waɗanda ake rubuta wa tsawo 164 zuwa 176. Kafaɗarsu da wuyansu sun fi kusa da na mace madaidaiciya, kuɗinsu kuma ya fi sauƙi, amma ƙasansu ya ma fi na manya tsukewa, tsagar gefe ta zama dole.

Yankan da tun asali bai san da mama ba

Bansa baƙuwa ce a ɗinkinmu, da yankan Turawa ta zo. Ki dubi taguwa da jamfa da kaftani, ki dubi buba da bubu, duk da miƙaƙƙun ƙyallaye ake haɗa su, walwalarsu daga faɗi take zuwa. Haka tsohon yankan ƙasar nan yake: jiki ɗaya miƙaƙƙe da suke kira badan, ƙyallayen gefe da suke kira banayiƙ waɗanda suke faɗaɗa zuwa ƙasa, da ɗan ƙyalle a hammata, takhrasa ko khashtaƙ, wanda yake ba hannu damar ɗaguwa. Da wannan tsari ake ɗinka tob ɗin maza, da shi kuma aka daɗe ana ɗinka rigunan mata na gargajiya. Irin wannan yanka yana zauna wa mai mama da marar mama, kuma ƙyallen gefen nan shi ne ainihin amsar matsalarki, domin yana barin ƙirji a miƙe ya buɗe wa kwatangwalo wuri.

Saboda haka shawarar da na fi ba ta ƙarfi ita ce ki sa a yi miki riga guda ɗaya da awonki, da yadi mai arha, a gwada a gyara har ta zauna, sannan ta zama uwa da za a riƙa kwafa. Ki ce a yi gaba ba bansa, kafaɗa daidai ƙashinki, ramin hannu ɗan sama domin kada ya buɗe, walwalar ƙirji santimita 10 zuwa 14 a kan awonki, ninki ɗaya a tsakiyar baya, tsaga a gefe. Mita 2 na yadi mai faɗin santimita 150 ya isa shat mai dogon hannu, mai faɗin 115 kuwa sai mita 2 da rabi. Yadi mai ɗan jiki ya fi, kamar foflin na auduga, ko oksfod, ko lilin, ko shadda mara nauyi da aka wanke ta saki. Yana tsayawa da kansa nesa da fata, ba ya bin lotsawar ƙirji, kuma a gumin Jidda da ɗanshinta ya fi roba sauƙi nesa ba kusa ba. Aljihu biyu masu murfi, ko siraran ninki a jere daga kafaɗa, ko yadi mai ratsi a tsaye, suna ɗauke ido daga ƙirji ba tare da an cusa komai ba.

Zan faɗi wata gaskiya a kan sana'armu. Mu na mashgal mun saba da rigunan biki da jallabiyya da abaya, hannunmu yana zuwa ga bansa ko ba a ce ba, kuma ba kowace cikinmu ce ta ƙware a kwala da bakin hannu da layin maɓalli ba. Wannan aikin telolin maza ne, masu ɗinkin tob, waɗanda suke yin kwala goma a yini. Su kuma ba za su auna ki ba, ba ma za ki so ba. Mafita ita ce a yi awo da rigar gwaji a wurin mace, sannan ki aika da uwar rigar ga telan maza ya kwafa, tare da gargaɗin kada ya ƙara wa kafaɗa ko wuya komai, kuma ya sa maɓalli ta ɓangaren mata, ko ya ɓoye su a ƙarƙashin ninki.

Inda za ki nema, da maganar kamanceceniya

A manyan kantuna irin su Zara da H&M da Mango, ko Max da Centrepoint, ki nemi shat ɗin mata masu sakakken yanka, waɗanda kafaɗarsu take ɗan saukowa da gangan. Da yawansu ba su da bansa sam, kuma ƙasansu yana da faɗin da na maza ba shi da shi. Idan ta intanet kike saye, a Namshi ko makamancinsa, ki buɗe hoton ki dubi gefen ƙirji, ki karanta awon rigar kanta maimakon dogara da harafin lamba. Shagunan 'yan Pakistan da Indiya suna da kurta miƙaƙƙiya mai tsagar gefe, wadda maza da mata suke sakawa da ɗan bambancin ado. A Balad, tsohon garin Jidda, wajen Bab Sharif da Suƙ Alawi, za ki samu yadi da jallabiyyu marasa kwalliya, a kasuwar Sawarikh kuma akwai gwanjo mai arha da za ki koyi gyara a kansa ba tare da fargabar ɓata mai tsada ba. Kayan aikin asibiti da farar rigar da kuke ɗorawa a kantin magani suna da nau'in da aka yanka wa kowa da kowa, ki nemi shi maimakon wanda aka rubuta wa na mata. A kan abaya kuwa, mai yankan bisht, wato alkyabbar maza, ko mai faɗin hannu da take saukowa daga kafaɗa ta fi miki mai bin jiki.

Na san za a samu mai ce miki mace ba ta saka kayan maza, kuma hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari a kan masu kamanceceniya da ɗaya jinsin sananne ne, ba abin wasa ba ne. Fatawa ba aikina ba ne, ki kai wa malamin da kika amince da shi bayanin halinki. Abin da zan iya faɗa a matsayina na tela shi ne cewa al'adar wuri ce take sa a kira tufa ta maza ko ta mata. Jallabar Maroko maza da mata suke sakawa, haka shalwar da ƙamis na Pakistan, bisht ɗin maza ne aka ɗauki yankansa aka yi abayar da yau ba wanda yake ganin laifinta, kuma matan Hijaz na da suna saka sidiriyya mai tsayayyen wuya da wando a ƙarƙashin doguwar rigar da ake kira zabun. Farin tob da shimag, ƙyallen da ake yafawa a ka, a ƙasar nan na maza ne a idon kowa, ba zan ɗinka miki shi ki fita da shi ba. Miƙaƙƙiyar riga mai launin toka ko ruwan ƙasa ko shuɗi, da wando mai faɗi, da mayafinki, wannan shigar mace ce mai son sauƙi. Tun bayan da Yarima Muhammad bin Salman ya ce a hirarsa da tashar CBS ta Amurka a watan Maris na 2018 abin da ake buƙata shi ne shiga ta mutunci ba lalle baƙar abaya ba, da kuma dokar ladubban bainar jama'a ta 2019, irin wannan shiga ta yawaita a Jidda, har ba ta jan ido.

Abin da tabon tiyata yake buƙata

Ƙirjin da aka yi wa tiyata ya bambanta da wanda haka aka haife shi. Sau da yawa yana ɗan lotsawa ciki, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya, kuma akan bar ɗan tudun nama a ƙarshen tabon ta wajen hammata. Saboda wannan tudun ba na matse gefe kamar yadda lissafi ya ce, nakan bar santimita 1 ko fiye, kuma ina gwada kowane ɓangare daban maimakon in auna dama in kwafa a hagu. Fatar wurin takan yi sanyin ji ko ta yi saurin jin zafi, don haka ina rufe gezar ɗinki a ciki, irin ɗinkin da ake ninkewa sau biyu, ina guje wa zaren roba mai kaifi, ina kuma cire takardar kamfani idan a gefe take. Siririyar singiletin auduga a ciki tana hana gogayya, tana shanye gumi, tana kuma cike lotsawar kaɗan.

Idan an cire miki kaluluwar hammata, hannun wannan ɓangare yana iya kumbura ko bayan shekaru, kuma matsattsen ramin hannu ko bakin hannu mai roba ba su dace da shi ba. A nan maganar da na yi ta ɗaga ramin hannu tana da iyaka: a ɗaga shi gwargwadon da yatsu biyu za su shiga a sake, a auna damtse biyun daban, a yanka hannayen duka a kan wanda ya fi kauri. Idan kina saka safar hannu ta matsi da likita ya rubuta, ki zo da ita a jikinki ranar awo. Idan kuma kika ga hannun ya fara nauyi ko zobe ya matse, likitarki za ki fara gani kafin tela. Tudun naman hammata ma, idan yana damunki ƙwarai, almakashina ba zai kawar da shi ba, ɓoye shi kawai zan iya; likitocin tiyata suna da ƙaramin aikin da suke yi a kansa, ki tambaya a ganinki na gaba.

Ranar da za ki je mashgal, ki ɗauki riguna uku kawai, mai bansar tsaye da mai bansar gefe da mai firinses idan kina da su, tare da shat ɗin ƙanenki domin a ga yadda kike son ƙirjin ya zauna. Ki saka abin da kike sakawa a ciki kullum, da takalmin aikinki. Ki ce a fara da wadda kika fi rashin damuwa da ita, a yi mata ɗinkin wucin gadi da dogon zare, ki saka ta ki ɗaga hannu, ki miƙa shi gaba kamar za ki ɗauko magani a kan shiryayye, ki sunkuya, ki zauna. Sai kin gamsu da duk wannan za a yanke rarar yadin.